Rashancin Dakta Maliki

A kasuwar shanu ta Daura kowa ya san Dakta Maliki, likitan dabbobin da ya yi ritaya amma bai daina zuwa ba. An kuma san cewa a samartakarsa ya yi shekara shida yana karatu a Rasha, don shi da kansa ba ya gajiya da ba da labarin.

'Yarsa Haulatu malamar firamare ce. Wata Talata ta shigo gida da waya a hannu.

"Baba, na samo wani fim na Rashawa, waƙa da barkwanci, daga littafin yara aka ɗauko shi. Na gaya wa Hedimasta za ka zo jibi ka fassara wa 'yan ajina."

"Har kin gaya masa?"

"Har ya aro majigi."

Dakta ya karɓi wayar ya shige ɗaki. Rabonsa da yin Rashanci da wani shekara talatin da biyar ke nan. A fim ɗin, wani kuku mai tumbi ne yake bin agwagwa cikin jirgin ƙasa yana rera waƙa. Dakta ya tsinci kalmar "ruwa", ya tsinci "gobe" da "na gode". Sauran ya wuce shi da gudu. Ya mayar baya, ya sake mayarwa. Ya buɗe tsohon akwatinsa neman ƙamus, ya tarar gara ta cinye rabinsa.

Ranar Laraba ko ƙofar gida bai leƙa ba. Matarsa Ikilima ta ɗauke kwanon tuwo yadda ta ajiye shi.

"Malam, lafiya?"

"Harshen ya gudu, Ikilima."

"To ka gaya wa yarinyar mana."

Sau biyu ya tari Haulatu a tsakar gida, sau biyun ya ɓige da tambayarta aiki.

Ranar Alhamis aka rufe tagogin aji da zannuwa. Yara wajen sittin, Hedimasta a kujerar gaba. Farkon fim ɗin magana ce a hankali, Dakta ya lallaɓa ya fassara. Sai kuku ya ɓarke da waƙa. Dakta ya kasa kamo ta. Haulatu ta zuba masa ido.

"Tsayar da fim ɗin," ya ce mata. Ya juya ga yaran. "Wannan waƙar ta fi ƙarfina. Na manta harshen."

Can wata yarinya, Siddiƙa, ta ɗaga hannu.

"Baba, ai lallashin agwagwar yake yi. Ƙarya yake, ga wuƙa nan a bayansa!"

Aka tuntsire da dariya, har Hedimasta. Haka aka ƙarasa: ya faɗi abin da ya kama, yara su cike sauran.

Da suka koma gida, a zaure Haulatu ta dubi Dakta.

"Baba, da ka gaya min."

"Na so," ya ce, yana lalubar sandarsa da ya mance a ajin.