Noti da Ruwan Tsamiya

Jiya na karya notin garmar shanu, ga ruwa ya sauka, kowa a Wurno yana huɗa. Tsatsa ce ta kama shi, na zura wa sifana bututu na hau da ƙafa. Yana ɓallewa marigayi kawuna ya faɗo mini a rai.

Shi idan noti ya cije, tsumma yake jiƙawa a ruwan tsamiya ya naɗe shi, ya koma inuwa. Wata damina na tsaya a kansa, hannunsa sai warin tsami.

Na ce, "Kawu, ƙarfe za mu kwance ko kunu za mu dama? Ba ni guduma."

Ya ce, "Tsatsar nan shekara ta yi tana shiga, kana so ta fita kafin azahar?"

Haushi ya hana ni cin tuwo. Washegari ya ɗiga kananzir, ya ɗan ƙwanƙwasa, noti ya juya.

Yau ga ni a Birnin Kudu ina jiran mai walda, alhali tsamiya tana nan jibge a gida. Allah Ya haskaka kabarinka, Kawu, ni kuma Ya ba ni haƙurinka, ko na kwana ɗaya ne.