Kiɗan da Na Ɗora a Kan Muryar Surukata

Ni ne mai laifi, kuma na daɗe ina musu.

Shekara da shekaru ina tara faifai da kaset na kiɗan da ba mutum ke yi ba: akwatunan da ake murɗawa su rera da kansu, agogunan bango masu waƙa, da babban sanduƙin nan da ake turawa a titunan Masar ana juya masa mariƙi. Sha'awa ce mai wahalarwa a Jidda. Zafi yana lanƙwasa faifai, damshin teku yana cin kaset, masu tsofaffin kaya a kasuwar Balad kuma da sun ga ka ƙyasa abu sai su ce ba na sayarwa ba ne.

Haka wani dattijo ya yi mini da faifan irin sanduƙin nan. Na yi ta zarya har ya yarda ya ara mini, da sharaɗin in mayar kafin magariba. Na koma unguwarmu Nuzla a gaggauce don in kwafi kiɗan, na duba ko'ina, babu sabon kaset a gidan. Matata tana wajen aikin girki. A akwatinta na ga wani da ba rubutu a jikinsa, na saka, na naɗa.

Ashe saƙon mahaifiyarta ne. A da haka ake yi, mutanen gida su yi magana a kaset, a ba mahajjaci ya kawo. Tsohuwar ta rasu lokacin matata ba ta da iƙama, wato takardar izinin zama, ko ta'aziyya ba ta samu zuwa ba. Muryar nan kaɗai ta rage mata.

Ranar Juma'a ta kunna, ta ji ƙarafa suna kiɗa. Ni ne ma na kama faɗa, wai me ya hana ta rubuta a jiki. Na kai wa mai gyaran rediyo, ya ce shi ke nan, abin da aka goge ya tafi. Can ƙarshe kawai aka tsira da tarin tsohuwar, da inda take cewa, "Ki riƙa cin abinci." Kiɗan ma bai naɗu da kyau ba, ƙarar fanka ta cinye rabinsa.

Akwai abin da na ɓoye. Kowane kaset yana da ɗan haƙori a gefe, wanda ake ɓallewa don kada a goge shi. Nata a ɓalle yake. Ni na cusa takarda a ramin don ya naɗu.

Ta daina taɓa akwatin. Abinci dai tana ajiye mini, magana kuwa sai ta dole. Wata rana bayan la'asar na same ta tana tsince shinkafa, na zauna a ƙasa gabanta.

"Maman yara, ƙarya na yi miki. Na ga kin ɓalle haƙorin, na san abu ne mai muhimmanci, ban tsaya na saurara ba don ina sauri. Muryar Inna na goge miki da hannuna, kuma ba ni da abin mayarwa. Ki yafe mini don Allah."