Tocilar Goggo da Ƙofar Dusuman

Ana sallame sallar asuba muka bar Kano, ni da yayana. Shi ke tuƙi, ni ina riƙe da kwanon ƙosai ina hana shi gyangyaɗi da surutu. Jama'a, tocila ce ta tashe mu, kada ku yi dariya tukuna. Goggonmu, ƙanwar babanmu, aure ya kai ta Barno tun ba a haife mu ba, gidanta na Dusuman a bayan garin Maiduguri. Da rikici ya yi tsanani aka kulle gidan, ta dawo unguwar Wulari cikin gari wajen 'yarta. Yanzu maƙwabta sun koma, har sun aiko cewa in ba ta zo ta duba ɗakinta kafin ruwa ya sauka ba, rufin zai zauna a kan kayanta. Sau uku ana sa rana, sau uku Goggo na cewa tocilarta ba ta da lafiya. Tocilar da ni na saya mata! Shi ya sa na ce da ƙafata zan je in gani.

Daga Wudil har Azare hanya lafiya lau. A Potiskum muka sha shayi, manyan motocin shanu na wuce mu, wani bijimi ya leƙo ya ƙare mini kallo kamar ya san ni. Amma daga Damaturu hira ta ragu. Shinge bayan shinge, a sauko, a nuna kati, a taka da ƙafa, a sake shiga mota. Ruwan leda ma sai da ya ninka kuɗinsa, ga shi da ɗumi kamar na wankan jego. Yayana sai duba agogo yake, don in aka rufe ƙofar shiga gari da yamma, a nan bakin titi za ka kwana. A wani shinge soja ya tambayi abin da ke cikin kwano, na miƙa masa ƙosai biyu da suka wuni a zafi, ya karɓa yana dariya. Muka shiga Maiduguri kafin la'asar, ba babur ko ɗaya a titi, sai keke mai ƙafa uku ko'ina a ƙarƙashin inuwar dogon yaro.

A Wulari aka tarbe mu da burabusko da miyar kuka mai bandar kifi, na ci har na kasa lanƙwasawa. Goggo sana'arta turaren wuta, kuma gidan nan ko ruwa ka sha sai ka ji ƙamshi. Da na wanke hannu na ce a kawo mini mara lafiyar. Ta ɗauko, ta danna, haske ya fito tar. Ba a yi numfashi uku ba sai wata 'yar jar wuta ta hau ƙiftawa a jikinta, hasken ya dushe.

“Kin gani ko?” in ji Goggo. “Batir ya ƙare. Ɗakin can ba taga, shekara da shekaru a kulle. Ni ba zan shiga in taka maciji ba.”

Na ce ai ga hasken waya. Ta harare ni ta ce wannan idon kyanwar ba ya kaiwa ƙarshen tabarma. 'Yarta ta ce garin ya daɗe ba wutar lantarki, amma sun kai tocilar wajen mai caji ta wuni a jikin janareto, sun ma sayo sabon batir, duk jar wutar nan ba ta fasa ba. Yayana ya ce a sayo wata mana a huta. Goggo ta ce ita wadda 'yarta ta Kano, wato ni, ta ba ta take so. Ta ɗaure ni da igiyata.

Washegari da hantsi muka hau keke zuwa unguwar Hausari, ni da ita. A wani lungu muka sami mai gyara, dattijo ne mai tabarau ɗaure da zare, Hausarsa da ɗanɗanon Barebari. Ya zare batirin ya ɗora masa wayoyin na'urar awo, ya ce batir cike yake tam, sharri ake masa. Ya duba ramin caji, lafiya. Sai ya ɗauki murfin gindin tocilar ya leƙa, ya kai hanci ya shinshina, ya ɗago.

“Hajiya, turare kike yi?”

Na fashe da dariya har mai shagon kusa ya leƙo. Ashe Goggo, don tattali, kullum in ta gama da tocila sai ta kwance murfin ta cire batir, wai kada ya tsiyaye, ta ajiye su a kan kantar bango, daidai saman kaskon da take turara ɗaki. Hayaƙin nan mai sukari da mai ya bi ya lulluɓe 'yar wayar nan mai murɗe da ke taɓa batir, ta yi baƙi, tana danƙo kamar alewa. Dattijon ya ce wuta ba ta wucewa sosai, sai tocila ta ɗauka batir ne ya mutu ta kunna ja. Ya jiƙa auduga da fetur ya goge, ya kankare da 'yar takarda mai yashi, ya ɗan ja wayar ta miƙe, ya murɗa murfin gam. Ya danna. 'Yar wutar ta nuna kore shar! Muka tsaya muna kallo har na gaji da tsayuwa, ja ba ta dawo ba.

Ni na yi ta murna, amma Goggo ko godiya da ƙyar ta yi. Sai da muka shiga keke ta ce a hankali, “Da ya bar mini ita yadda take.” Na juyo. Ta ce ranar da suka fito daga Dusuman, mijinta ne ya kulle ƙofar nan da hannunsa, ya ce mata kwana biyu ne za su dawo. A Wulari ya rasu. Tsoro take ji ta buɗe ita kaɗai. Wallahi na ji kunyar duk dariyar da na yi. Na riƙe hannunta na ce, “Goggo, ai ba ke kaɗai ba ce.”

Da azahar yayana ya kai mu Dusuman. An yi sharar gonaki ana jiran ruwa, mata suka fito suna “Wushe, wushe!”, wato sannu da Barbarci, suna rungumar Goggo. Kwaɗon ya cije, sai da wata maƙwabciya ta ɗiga masa man gyaɗa. Goggo da kanta ta murɗa makullin. Ta danna tocila, haske ya dira har bangon ƙarshe. Babu maciji, sai yanar gizo da wani ƙadangare da ya ji haushin zuwanmu. Hasken ya tsaya a kan ƙusa, inda hular marigayi ke rataye. Ta daɗe a nan, hawaye na zuba. Sannan ta haska ƙarƙashin gado ta jawo wani tulu mai baki ɗaure da tsumma, turaren da ta haɗa kafin gudu. Tana kwancewa ƙamshi ya cika tsakar gida, wata tsohuwa ta rangaɗa guɗa, Goggo na kuka tana dariya tana faɗa wa yayana inda rufi ya tsage.

Kwana uku muka yi muka juyo, shinge bayan shinge, har muka iso Kano lafiya, jakata na ƙamshin 'yar kwalbar da ta ɗibar mini. Abin da na koyo: in tocila ta nuna ja, kada ku yi saurin zagin batir, ku kwance ku goge ku murɗa da kyau. In kuma babba ya ba ku uzuri ɗaya har sau uku, ku je ku zauna kusa da shi ku ji. Jiya na kira Goggo, ina jin ƙarar guduma a bayanta. Na tambayi lafiyar tocila, ta ce kore shar. Na ce makullin fa? Ta ce, “Yana haɓar zanina. Yau ma ni na buɗe.”