Likkafanin da Baba ya saya kafin hoton huhu

Har yau idan na tuna likitan nan raina yana ɓaci. Baba ya yi shekaru yana jan babbar mota tsakanin Bawku da Salaga, sigari a baki, kafin Allah ya shirye shi ya daina. Da ya tsufa ya zauna wurina a Yendi. Wata rana na kai shi asibiti, likita ya ji tarihinsa, ya rubuta takarda da Turanci, ya ce mu je Tamale a yi masa hoton huhu na CT. Iyakar bayaninsa ke nan. Ko kallon tsohon bai yi ba.

Abin da likita bai faɗa ba, mutanen unguwarmu ta Zango suka cike. Wani ya ce rami ne kamar kabari, ana tura mutum a rufe. Wata ta ce ba a ci ba a sha kwana guda. Baba ya daina cin abinci. Ya bi gida-gida yana neman gafara, ya aika kasuwa aka yanko masa likkafani.

Ranar tafiya ya zauna a kan buzunsa ya ƙi tashi.

"Uwata," ya ce, don sunan mahaifiyarsa gare ni, "bar ni in mutu a ɗakina."

"Baba, ba ka da ciwo fa. Dubawa kawai za a yi."

"Mai lafiya ake sawa a rami?"

Na durƙusa na riƙe ƙafarsa ina kuka, sannan ya miƙe.

A asibitin Tamale wata nas mai jin Hausa ta zauna kusa da shi. Ta ce babu allura, babu azumi, hasken da zai ratsa jikinsa kaɗan ne. Zai cire duk abin da ke da ƙarfe, ya kwanta a kan gado ya ɗaga hannuwa sama da kai. Gadon zai wuce ta cikin wani babban zobe, buɗe gaba da baya. Idan an ce ya riƙe numfashi, ya riƙe na ɗan lokaci. Sakamako sai bayan kwanaki.

Maganar ba ta kai minti biyu ba. Minti biyu aka hana tsoho, ya yi sati yana bankwana da duniya.

Aka shiga da shi, ban gama lazimina a kan benci ba ya fito yana gyara hula.

"Wai an gama," ya ce. Ya shafa cikinsa. "Ina ake sayar da koko a nan?"