Baiwa Mai Turare, Wadda Ke Fara Shaƙa Kafin Kowa

Kafin matan Gafasa su gama surfen safe, Baiwa ta riga ta shimfiɗa tabarma a gindin darbejiya ta baje kayan aikinta. Kajiji a faifai guda, ƙaron hano a wani, ga jawul, ga kanumfari, ga 'yan itacen sandal da fatake ke kawo mata daga Kano. Farce kuwa, ƙumbar nan ta halittar ruwa, sai ta jiƙa shi kwana uku, ta kankare, ta soya cikin yashi, domin in aka yi masa gaggawa ƙarninsa sai ya kori baƙo. Tun shekarar samun 'yancin kai take haɗa turaren wuta, yau shekara goma sha takwas ke nan, kuma da wuya a sami ɗakin amarya ko na mai jego tsakanin Ajingi da Gaya da hannunta bai ƙamsasa ba.

Tana da wata ɗabi'a da ta sha jawo mata dariya. Duk haɗin da ta gama, ba ya barin gidan sai ta ɗebi kaɗan ta barbaɗa a kasko, ta shige ɗaki ta saki asabari, ta zauna har hayaƙin ya ƙare. In ido ya yi yaji ko maƙogwaro ya yi ƙaiƙayi, ta kife haɗin duka a juji, ko da kuwa sati ta yi a kansa. Mijinta Maiwada, Allah Ya jiƙansa, yakan ce shi mace ya aura amma kullum bandar kifi yake tararwa a ɗaki.

Shekarar da ta biyo bayan babban fari, wani ɗan koli mai suna Ɗantani ya shigo kasuwar Ajingi da abin da ya kira haɗin zamani. Busasshen ganye ne da garin katako, an rina su ja da kore, an fesa musu ruwan ƙamshi na kwalba. Shi kansa bai san abin da ke cikin ruwan ba, haka ya saro shi a birni. Ƙamshinsa tun daga bakin kasuwa yake tarbar mutum, mata kuwa suka yi masa caa. Baiwa ta roƙi ɗan kaɗan ta ɗora a kan garwashi, ta ga wuta ta kama shi fal maimakon ya ci a hankali, hayaƙin kuma baƙi. Ta faɗa wa mata cewa wannan ba na cikin ɗaki ba ne. Suka ce hassada ce. Maganar ta yi mata ciwo ƙwarai, har ta daina ɗaga ta, ta riƙa komawa gida da kwandonta a cike kamar yadda ta fito.

Da marka ta kankama, maƙwabciyarta Kadijatu ta haifi ɗa namiji, haihuwar fari. Surukar Kadijatu, Hanne, tsohuwa mai tsananin son jikanta, ta toshe ɗakin ko'ina saboda sanyi, ta sayo haɗin zamani don a san ɗan gata aka haifa. A rana ta biyar jaririn ya fara tari. Hanne ta yi abin da ta ga iyayenta na yi: in jariri ya yi tari, sanyi ne ya kama shi, sai a ƙara rufe ɗaki a ƙara turare. Ta kuwa ƙara.

Da hantsi Baiwa ta shigo da kunun kanwa. Tana ɗaga asabari hayaƙi ya soke mata ido. Ta dubi jaririn a cinyar uwarsa, ta ga leɓensa ya yi duhu, ƙirjinsa na lotsawa, ko kuka ba ya iya yi. Ba ta nemi tsumma ba, da hannu ta sunkuci kaskon ta wurgar a tsakar gida, ta yaye asabarin, ta karɓe yaron ta fito da shi ƙarƙashin rumfa. Hanne ta biyo ta.

"Baiwa, jaririn da bai yi suna ba za ki fitar wa iska? In wani abu ya same shi, yana wuyanki."

"Na ɗauka, Yaya Hanne," in ji ta. "A bar shi a wuyana."

Waɗanda ke wurin sun ce ta tsaya rungume da shi, tafukanta sun ɗuri ruwa saboda ƙuna, bakinta na motsi da addu'a. Tsoro ya kama ta sosai, domin ta san in yaron ya cika a hannunta ba ta da sauran zama a Gafasa. Can sai ya ja numfashi, ya sake ja, ya tsala kuka. Da aka kai shi Gaya, malamin asibiti ya ce hayaƙi ne ya kusa toshe masa numfashi.

Duk da haka wasu suka nace cewa sanyi ne. Sai Baiwa ta karɓi ragowar haɗin zamanin a gaban mata, ta shiga ɗakinta ta saki asabari kamar yadda ta saba. Ba ta daɗe ba ta fito tana laluben bango, idanu jajur, muryarta kuma sai bayan sati ta dawo. Labari ya kai wa Ɗantani, ya zo ya gani da idonsa. Ashe shi ma da wannan haɗin yake turara ɗakin mahaifiyarsa. A ranar ya haƙa rami ya binne sauran kayan.

Baiwa, ke ce kika mai da ƙirjinki ma'auni don kada na wani ya cutu. Ke ce aka kira mai hassada kika haɗiye, ranar da ta ɓaci kuma ba ki tsaya jiran a ba ki haƙuri ba. Mun gode, Allah Ya saka miki da ƙamshin Aljanna. Masu haɗa abin da jama'a za su shaƙa ko su ci, don Allah ku riƙa farawa da kanku kamar yadda ta yi.

Bana ta ajiye aiki. Hayaƙin shekaru ya cinye mata hanci, ko kanumfari aka kai mata ba ta jin komai. Kadijatu ce ta gaji faifayen. Ran da ta gama haɗinta na farko, ta kawo wa Baiwa ta duba mata. Tsohuwar ta murza shi a tafinta mai tabo, ta mayar mata, ta miƙa mata kaskon.

"Ni hancina ya tafi, 'yar nan. Shiga ki saki asabari, ina nan bakin ƙofa."