Idanun Ragon Baba

Na shafe shekaru ina bincike a kan wani ɗan siririn tantani da ke can bayan ido, wanda yake karɓar haske ya aika wa ƙwaƙwalwa. Dundumi ne ya kai ni. Ina yarinya a Rawayau, magariba na yi sai in kama karo da turmi, har kakata ta riƙa gasa mini hanta tana cewa in cinye tas. Na kuwa warke. Son sanin dalilin haka ne ya ja ni har digiri na uku, ya dawo da ni koyarwa a Dutsin-Ma.

To, aikin ba ya yiwuwa sai da ido, ɗanye kuma. Da sassafe nakan hau keke napep da kula cike da ƙanƙara, in nufi kwata. Mahauta na yanka saniya, ni ina tsaye ina cewa, "Malam, a hankali, kar ka fasa shi!" Suna dariya suna kirana Hajiya mai ido. Ni ina ganin wasa ne, ashe magana ta bi motocin kasuwa har Kurfi, inda Baba yake, wai 'yar Malam tana tara idanu a firji, Allah kaɗai ya san wa take yi wa aiki.

Baba ya aika in zo. Na same shi a zaure, ko gaisuwata bai gama amsawa ba.

"Ke, me kike yi da idanun dabbobi?"

Na fara bayani, Turanci yana shigo mini baki. Ya ɗaga hannu.

"Ni ake nunawa a masallaci. In abin ba na nunawa ba ne, ki ajiye shi."

Baba ba ya magana biyu, ni kuma ban taɓa tsallake maganarsa ba. Amma raina ya ɓaci. Na ce, "Baba, na nunawa ne. Gobe zan aiko da mota."

Ya zo da babbar rigarsa ta Juma'a. Na yanka ido a gabansa, na ɗauko tantanin, na nuna masa wanda na riga na rina a ƙarƙashin madubin da ke ƙara girman ƙananan abubuwa. Hularsa ta yi ta tokare masa, ya cire ta ya ba ni riƙo. Ya daɗe a sunkuye.

"Subhanallahi. Duk wannan jerin a idon saniya?"

"Har da naka, Baba. Dogayen nan su ke gani in haske ya yi ƙaranci. Abincinsu yana cikin hanta."

Ya ɗago ya dube ni. "Ashe tsohuwa ta riga ki."

Ya karɓi hularsa ya tafi. Bai ce ci gaba ba, bai ce bari ba. Na daina zuwa kwata ina jiran hukunci, aiki ya tsaya cak, ɗalibaina suna tambaya ina kame-kame.

Kwana biyar bayan Babbar Sallah wani direban Kurfi ya kawo mini ƙullin leda. A gidanmu kowa ya sani, in an dafa kan rago, idon na Baba ne, ba mai taɓawa. Na kwance, sai ga idanu biyu, an barbaɗe su da gishiri an shanya a rana don kar su lalace, sun ƙeƙashe kamar busasshiyar kuɓewa. Ba abin da za su yi mini a bincike, ko kaɗan.

Na kira shi. Ya ce, "Sun iso? Na ce da liman bana na Dakta ne, aiki za ta yi da su. In ba su isa ba, na yi magana da maƙwabta."

Na ce, "Sun isa, Baba."

Washegari na ɗauki kulata na koma kwata. Idanun kuwa suna nan cikin kwalba a kan teburina, a gaban takardar digirin.