Keken Gwaggo Salamatu a Ƙarƙashin Mangwaro

Gwaggona Salamatu, ƙanwar babana, ba ta da komai a duniya sai keken ɗinki. Mijinta ya rasu, Allah bai ba ta haihuwa ba. Da keken nan take ci take sha a unguwarmu ta Komah, a Sokode. Ko taɓa shi ka yi, sai ka sha faɗa.

A Tanjuware aka haife ta, can kusa da Dapaong, inda ƙasa rairayi ce da tsakuwa. Ko an tafka ruwa da safe, kafin azahar ƙasa ta shanye shi, ka taka da takalminka fes. Tana yarinya ta sha ganin kakanmu yana binne kaya a tulu saboda ɓarayi, ya tono su babu ko danshi.

Shekarar dogon yajin aiki, lokacin rigimar dimokuraɗiyya, gari ya rikice. Yau a ce sojoji na tafe, gobe a ce an fasa shaguna. Babana ya ce mu koma Dapaong wurin dangi. Direban da zai kai mu ya rantse motarsa ba ta ɗaukar kaya, mutane ma a cushe suke. Gwaggo ta kwance kan keken, ta shafe shi da man gyaɗa, ta naɗe da zane da buhu, ta sa aka haƙa rami a gindin mangwaron gidanmu don a binne shi.

Rani ne, ƙasar ta bushe ta tsattsage, har diga na tsalle a kanta. Babana ya ce, "Salamatu, nan fa laka ce, ba irin ƙasar garinmu ba."

Ta ce, "Haba Yaya, dubi yadda ta bushe ƙayau! Kafin damina ma mun dawo."

Ina! Damina ta same mu a Dapaong. Duk ranar da aka yi ruwa, Gwaggo sai ta leƙa tsakar gida, ta ga ya tsotse, ta ce, "Kin gani, Hafsa? Ƙasa ba ta riƙe ruwa." Ni kuwa na san yadda gidanmu na Sokode ke zama taɓo har ƙwauri.

Da muka dawo, ko mayafi ba ta cire ba ta ɗauki fartanya. Ramin da aka haƙa a laka aka mayar masa da sakakkiyar ƙasa, ashe kwatarniya aka yi wa ruwa, ya shiga ya rasa mafita. Buhun ya ruɓe, sai wari. Keken ya fito jajawur da tsatsa. Wallahi har yau in na tuna, raina ɓaci yake.

Ta durƙusa ta kama hannun keken za ta juya, hannun ya ɓalle. Can ta miƙe ta wanke hannuwanta, ta ce da ni, "Hafsa, je ki ce wa uwarki ta ara mini allura."